Yadda Littattafan Leonardo da Vinci Suka Samu, Suka Kuma Warwatse

A ranar 15 ga Afrilu 1452 aka haifi Leonardo kusa da garin Vinci, yamma da Florence a Italiya ta yau. Mahaifinsa, Ser Piero, marubucin takardun shari'a ne, amma bai auri uwar yaron, Caterina, ba. Wannan ya hana shi gadon sana'ar uban, bai kuma sami karatun Latin ba, harshen da malaman zamanin ke ilimi da shi. Sai aka kai shi koyon aiki wurin Andrea del Verrocchio a Florence, inda yaron shago ke niƙa launi, ya narka tagulla, ya koyi sassaƙa. A ganina nan ne tushen komai: tunda littattafan malamai sun rufe masa, sai ya saba da tambayar idonsa.

Wajen 1482 ya koma Milan. A wasiƙar neman aiki da ya shirya wa Ludovico Sforza, mai mulkin birnin, gadoji da igwa da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa ya jera, sai can ƙarshe ya ambaci cewa yana iya zane. A Milan ɗin ya fara cika takardu da abin da ya gani: tashin tsuntsu, juyin ruwa a bayan gada, haƙoran injin. Bahago ne, yana rubutu daga dama zuwa hagu kamar mai ajami, haruffan a juye, sai da madubi ake karanta su cikin sauƙi. Babban dokin tagullar da ya shafe shekaru yana shiryawa bai tabbata ba, domin a 1494 an kwashe tagullar an yi igwa da ita.

Inda ya fi nisa shi ne jikin ɗan Adam. A hunturun 1507 zuwa 1508, a asibitin Santa Maria Nuova na Florence, ya zanta da wani tsoho da ya ce ya haura shekara ɗari. Tsohon ya rasu cikin natsuwa, Leonardo ya feɗe gawar don ya ga dalili, ya tarar da jijiyoyin jini sun yi kauri sun ƙuntata. Likitoci na lissafa wannan cikin bayanan farko na ciwon taurin jijiya. Daga baya ya bayyana yadda za a ƙera kwatancin bakin babbar jijiyar zuciya da gilashi, a zuba ruwa da ƙwayoyin ciyawa, a ga yadda jini ke juyawa ya taimaka wajen rufe murfin da ke bakin jijiyar. Sai a shekarun 1960 masana suka tabbatar da wannan da gwaji.

Amma bai buga ko shafi ɗaya na waɗannan takardu ba. Ya tafi Faransa a 1516 bisa gayyatar Sarki Francis na Ɗaya, ya rasu a Amboise ranar 2 ga Mayu 1519, ya bar wa almajirinsa Francesco Melzi takardun. Littafin Andreas Vesalius na 1543 ne ya sauya ilimin jiki a Turai, zanen Leonardo kuwa yana ajiye a gidan Melzi.

Bayan rasuwar Melzi wajen 1570, magada ba su san darajar abin ba, aka yi ta ɗiba. Wani masassaƙi, Pompeo Leoni, ya tara da yawa, ya yanke, ya liƙa bisa tsarin da ya ga dama. Daga aikinsa ne aka sami Codex Atlanticus mai ganye 1,119 da ke laburaren Ambrosiana a Milan, da zanen jiki da ke fadar Windsor a Ingila. Wasu kundi biyu sun ɓace a rumbun laburaren ƙasa na Madrid har zuwa shekarun 1960. Kimanin shafi 7,000 ne suka tsira. Wani kundin daban, wanda galibinsa kan ruwa ne, Bill Gates ya saya a 1994 kan dala miliyan 30.8.