Al'adar Nok

Al'adar Nok tsohuwar wayewa ce da ta bunƙasa a tuddan tsakiyar Nijeriya tun wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta samo sunanta daga ƙauyen Nok na ƙaramar hukumar Jaba a kudancin Kaduna, inda mahaƙa kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ne ya gane alaƙarsa da wani kan yumɓu da aka tsinta a Jama'a, kusa da Kafanchan.

Mutanen Nok sun noma gero da wake, sun kuma narka tama a wani wuri da ake kira Taruga. Masanan Jami'ar Goethe ta Jamus, waɗanda suka fara tono a 2005, ba su ga alamar fada ko babban birni ba.