Jirgin Alhazai Da Kyaftinsa Ya Gudu Ya Bari A Tsakiyar Teku

 

Kwanakin baya muna karatun babin Hajji da ɗalibaina na ajin manya, muka iso kan sharaɗin iko, wato abin da malamai ke kira istiɗa'a. Na bayyana masu cewa malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil, sun ɗauki hanyar teku daidai da hanyar tudu wajen wajabcin Hajji, sai fa idan halaka ce ta fi rinjaye a cikinta, ko kuwa jirin teku zai hana mutum cika rukunnan sallarsa. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wa ke zuwa Makka ta ruwa?" Ban ga laifinsa ba, domin shi abin da ya sani shi ne sa'o'i huɗu ko biyar a jirgin sama. Amma kakanninmu da suka bi ta Sudan da ƙafa sai da suka tsaya a gaɓar Sawakin suka jira jirgin da zai ƙetarar da su Bahar Maliya, 'yan uwanmu na ƙasashen Malayu da Jawa kuwa duk tafiyarsu a kan ruwa take. Wannan tambaya ce ta tuna mini da wani labari da na fara cin karo da shi a jami'a, wanda nake so in kawo maku shi yau, ya ku 'yan uwa.

Bayan buɗe mashigin Suwez a shekarar 1869, jiragen ruwa masu aiki da tururi sun cika Tekun Indiya da Bahar Maliya, jigilar alhazai kuma ta zama kasuwanci mai riba ƙwarai. Ɗaya daga cikin jiragen wannan sana'a shi ne wanda aka raɗa wa suna Jeddah, wanda aka ƙera a garin Dumbarton na ƙasar Sikotland a 1872. Yana tafiya ne da tutar Ingila, manyan jami'ansa Turawa ne, amma kamfanin da ya mallake shi a Singafo yana ƙarƙashin jagorancin Sayyid Muhammad Alsagoff, attajiri daga zuriyar Assaƙƙaf ta Larabawan Hadaramaut. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu dawo kansa.

Ranar 17 ga Yuli, 1880, jirgin ya tashi daga Singafo, ya biya ta tsibirin Penang, sannan ya miƙi hanyar Jidda ɗauke da alhazai fiye da 950, maza da mata da ƙananan yara, ga kuma kayan fatauci irin su sukari da katako. Kyaftin ɗinsa shi ne Joseph Clark, wanda ya taho da matarsa. Babban mataimakinsa wani saurayi ne mai suna Augustine Williams. Akwai kuma Sayyid Umar Alsagoff, ɗan uwan mai kamfanin, a cikin tafiyar.

Duk wanda ya san Tekun Indiya ya san watan Agusta lokacin iskar damina ce mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso yamma, kuma ta fi tsanani a kusa da ƙahon Afirka. Ranar 3 ga Agusta, jirgin yana daura da gaɓar Somaliya, raƙuman ruwa suka yi ta jijjiga shi har manyan tukwanen tururinsa suka goce daga mazauninsu. Ga wanda bai san yadda irin wannan jirgi ke aiki ba: ana hura wutar kwal ne a ƙarƙashin waɗannan tukwane, ruwan cikinsu ya tafasa, tururin ya juya inji, injin ya tura jirgi, shi ne kuma ke juya manyan famfunan da ke fitar da ruwan da ya shigo. To idan tukwane suka motsa, bututan da ke haɗe da su sai su tsage. Haka kuwa aka yi. Cikin 'yan kwanaki ruwa ya taru a ɗakin inji har ya kashe wutar, jirgi ya zama ba shi da ƙarfin kansa, sai inda iska ta kai shi. Aka koma fitar da ruwa da famfon hannu da bokitai, kuma alhazan nan da kansu suka shiga aikin tare da ma'aikatan jirgi, dare da rana.

Sai kyaftin ya yanke ƙauna. Ya ba da umarnin a shirya ƙananan kwale-kwalen ceto, alhali kowa na gani da idonsa cewa ba za su ɗauki ko kusa da yawan mutanen da ke ciki ba. Ka ɗora kanka a matsayin wani dattijo da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin kujera, ga matarsa ga jikansa, ya kwana yana kwasar ruwa, sai ya ɗaga kai ya ga waɗanda aka damƙa wa ransa suna ɗaure guzurinsu a kwale-kwale ba tare da sun ce masa uffan ba. Wajen ƙarfe biyu na daren da ya waye 8 ga Agusta, aka saukar da kwale-kwale guda, kyaftin da matarsa da babban injiniya da Sayyid Umar da wasu ma'aikata suka shige. Alhazai suka fusata, suka yi ta jifarsu da tukwane da duk abin da hannu ya kai. A cikin hargitsin Williams ya faɗa ruwa, na cikin kwale-kwalen suka tsamo shi. Mataimaki na biyu shi ma ya yi yunƙurin sauka da wani kwale-kwalen, aka yi dambarwa a kansa, ya faɗa teku da mutanen da ke ciki, suka halaka. Ba zan ɓoye wannan ba don kawai alhazai ne: an yi asarar rayuka a wannan dare, kuma fushin mutanen da aka yaudara yana cikin sabubbanta.

Na zauna na lissafa kwanakin da kalandar Hijira, sai na tarar wannan dare ya faɗo ne a farkon watan Ramadan na shekarar 1297. Allahu Akbar! Mutanen wancan yanki sun saba fitowa da wuri domin su yi azumi a Makka. Ga shi watan ya kama su a kan jirgin da ba shi da wuta, ba shi da kyaftin.

Da gari ya waye wani jirgi mai suna Scindia ya tsinci mutum 21 da ke cikin kwale-kwalen, ya kai su Adan ranar 10 ga wata. Nan ne Clark ya ƙara wa laifinsa wani laifin. Ya ba da rahoton cewa jirgin Jeddah ya nutse, aka buga wayar tangaraho zuwa Singafo cewa shi da matarsa da Sayyid Umar da wasu 18 ne suka tsira. Ya kuma ba da labarin cewa fasinjojin sun tayar da tarzoma har sun kashe jami'ansa. Jaridun Landan suka buga cewa kusan mutum dubu sun halaka a teku. Bai ga jirgin ya nutse ba. Ya dai ƙaddara a ransa cewa zai nutse, kuma ya san matattu ba sa ba da shaida.

Amma jirgin bai nutse ba. Waɗanda aka bari a ciki, da suka haɗa da injiniya na biyu da sauran ma'aikata, suka ci gaba da kwasar ruwa tare da alhazai, suka ɗaga ƙyallayen da iska ke tura jirgi da su, suka kafa alamun neman agaji. Da yammacin wannan rana ta 8 ga wata, wani jirgin fatauci na Ingila mai suna Antenor, wanda ya taso daga Shanghai zai tafi Landan, ya hango su iska tana kora su zuwa duwatsun gaɓar Somaliya. Kyaftin ɗinsa, John Bragg, ya tura mataimakinsa Randolph Campbell ya hau Jeddah. Wannan bawan Allah ya raba alhazai ƙungiya-ƙungiya suna karɓa-karɓa a kan famfo, aka ɗaura igiya, Antenor ya ja su. Ranar 11 ga Agusta, kwana ɗaya tak bayan isowar Clark, jirgin da ya ce ya nutse ya shigo tashar Adan da mutanensa a tsaye a kansa. Gaba ɗaya mutum 18 ne suka rasu a cikin al'amarin.

Na sha tsayawa ina tunanin wannan rana. Ruwan da Clark ya gani shi ne ruwan da Campbell ya tarar, jirgin ɗaya ne, mutanen da aka ce 'yan tarzoma ne su ne dai suka bi umarni cikin natsuwa da zarar sun sami wanda ya tsaya tare da su ya gaya masu abin da za su yi. Babu wani sabon inji da aka kawo. Abin da ya rasa a daren farko shi ne shugaba.

Aka kafa kotun bincike a Adan. Clark ya kare kansa da cewa ya ji tsoron alhazai za su cutar da matarsa. Kotun ta same shi da laifin barin jirginsa, ta dakatar da takardar shaidarsa ta tuƙin jirgi na tsawon shekara uku. Ta kuma zargi Williams da cewa shi ya zuga maigidansa ya gudu. Shekara uku, jama'a, a kan rayuka kusan dubu! Ba ni kaɗai nake ganin hukuncin ya yi sauƙi ba, domin tun a lokacin an yi ta sukarsa a Singafo da Landan, marubuta da dama kuma sun fito fili sun tambaya ko da fasinjojin Turawa ne haka za a yi masu. Idan muka gwada da zamaninmu, kyaftin ɗin jirgin Costa Concordia da ya bar jirginsa a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka mutu, ɗaurin shekara 16 aka yanke masa, shi kuwa na jirgin Sewol a Koriya ta Kudu, wanda ya tsere a 2014 ya bar ɗaruruwan 'yan makaranta, ɗaurin rai da rai ya samu.

To amma ga inda na ce za mu dawo. Abu ne mai sauƙi mu karanta wannan labari mu ce ai Turawa ne suka ci amanar Musulmi, mu rufe shafi da jin daɗi. Gaskiya ba ta ba mu wannan dama ba. Kamfanin da ya loda mutum kusan dubu a jirgin da kwale-kwalen cetonsa ba za su ɗauki rabinsu ba, Musulmi ne ke shugabancinsa. A cikin kwale-kwalen da ya gudu akwai Musulmi ɗan gidan masu jirgin. Waɗanda suka karkato da jirginsu suka zo ceto kuwa Turawa ne kamar Clark. Wannan ya tuna mini da Ibn Jubair, malamin Andalus, wanda jirgin 'yan kasuwar Janawa da ya shiga a kan hanyarsa ta komawa gida daga Hajji ya daki gaɓa a mashigin Masina na tsibirin Siƙiliya a ƙarshen 1184, shi ma a farkon Ramadan. Ya ba da labari a littafin tafiyarsa cewa masu ƙananan jirage sun tsawwala kuɗin fitar da mutane, talakawan Musulmi suka tsaya cirko-cirko ba su da abin biya, sai sarkin tsibirin, Wilyam na Biyu, wanda Kirista ne, ya biya masu daga aljihunsa. Ibn Jubair ba mai son mulkin Faranjawa ba ne ko kaɗan, amma ya rubuta abin da ya gani.

Na ce a jami'a na fara sanin labarin. An ba mu littafin Lord Jim na Joseph Conrad, wanda ya fito a 1900, muka yi ta fama da Turancinsa mai nauyi. Conrad matuƙin jirgi ne kafin ya zama marubuci, ya kuma zauna a Singafo 'yan shekaru bayan faruwar abin, lokacin da ake ta maganarsa a tashar jirage. Ya canza sunan jirgin zuwa Patna, ya mai da jirgin ceton na sojan Faransa, ya gina littafin gaba ɗaya a kan saurayin mataimaki da kunyar da ta bi shi har ƙarshen ransa. Mai bincike Norman Sherry ne ya bi diddigi a shekarun 1960 ya nuna cewa Williams ne asalin wannan saurayi. Shi Williams na gaskiya bai ɓuya ba. Ya koma Singafo inda kowa ya san abin da ya yi, ya kama aiki da masu sayar wa jirage kayan masarufi, ya yi aure ya hayayyafa, ya rasu a can a 1916.

Littafin yana da kyau, ba na musu. Sai dai abin da ya dame ni tun ina ɗalibi shi ne, mun shafe zango guda muna tattauna zuciyar mutumin da ya yi tsalle ya gudu, ba mu ɗauki ko sa'a ɗaya a kan waɗanda suka tsaya ba. A cikin littafin alhazan taro ne kawai, suna barci a kan tabarmi, kyaftin yana kwatanta su da shanu, ba a ba su wani aiki ba sai jira. A tarihi kuwa hannayensu ne suka riƙe jirgin a saman ruwa tun kafin a gudu a bar su, da kuma bayan an gudu, har zuwa lokacin da aka ɗaura masa igiya. Da na gaya wa ɗalibaina haka, yaron nan mai tambaya ya ce, "Malam, ashe da azumi a bakinsu suka yi?" Na ce masa matafiyi yana da rangwame, wanda ke cikin irin wannan hali kuwa ya fi kowa cancantarsa, muka koma kan karatunmu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan tafiya, Ya karɓi niyyarsu.