Naƙasa da Tsarin Zama a Yammacin Zamfara: Daga Sarkin Makafi zuwa Yaran Bagega



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu waiwayi tarihin masu naƙasa a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, domin mu gane abin da ya riƙe su a tsaye tun zamanin da. Ra'ayina shi ne juriyar mai naƙasa ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ita kaɗai ba. Kullum akwai tsarin zama da take jingina da shi, kuma gwargwadon ƙarfin tsarin, gwargwadon abin da mutum zai iya cimmawa.

Bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka a ƙarni na 19. A irin tsarin sarautar da aka sani a manyan garuruwan ƙasar Hausa, masu naƙasa suna da matsayinsu. Akwai Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda ake naɗa wa rawani, su sasanta rikicin jama'arsu, su sauki baƙo, su kai kuka fada. Kuskure ne a ɗauka cewa bara kaɗai ce sana'arsu. An san makafi da tufkar igiya da haddar Alƙur'ani, kuma ya isa misali a ambaci Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, mawallafin Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Da Bahaushe ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, ai ya yarda ke nan dungu ba ya hana mutum mallaka.

Zuwan Turawa ya kawo wata fahimta dabam, wato ɗaukar naƙasa a matsayin al'amarin asibiti. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi ragamar asibitocin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. A lokacin nan ƙasar Zamfara tana cikin Lardin Sakkwato, saboda haka Amanawa ita ce asibitin lardinsu. Magani ya yi amfani ƙwarai, musamman bayan 1981 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna. Sai dai asibiti yana warkar da cuta ne kawai. Wanda ya rasa yatsu, in an sallame shi, gari zai koma, kuma tsohon tsarin nan ne ya riƙa karɓarsa.

To, a 2010 wannan yanki ya gamu da jarrabawar da tsohon tsari bai san irinta ba. A ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, jama'a sun riƙa kawo duwatsun zinariya gida suna dakawa a turmi suna niƙawa a inji, ba su san cike suke da dalma ba. Ƙurar ta bi tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara gano al'amarin, ta yi wa dubban yara magani, aka kuma kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, ko da yake Bagega sai a 2013 aka fara aikinta. Amma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata magani ba ya mayar da shi. Daga cikin waɗanda suka rayu akwai masu shanyewar gaɓoɓi, da waɗanda suka makance, da masu farfaɗiya, da waɗanda karatu ke yi wa nauyi.

A nan ne tarihi ya aje mana tambaya. Makaho yana da sarki, gurgu yana da sarki, amma yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ba shi da rawanin da zai kai kukansa. Uwa da kaka ne suka goya shi shekara da shekaru, kuma a ganina wannan ita ce juriya mafi girma a tarihin yankin, ko da yake ba a rubuta ta ba. Daɗin daɗawa, rikicin 'yan bindiga ya ƙaro waɗanda harsashi ya raba da hannu ko ƙafa.

Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilmi da aiki a rubuce. Abin da ya rage shi ne masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi, tare da hukuma, su yi wa waɗannan yara abin da magabata suka yi wa makafi: a ƙidaya su, a ba su wakili a fada, a koya musu sana'a. Jariran 2010 yau sun zama samari da 'yan mata, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.