Labarin da ke cikin tsingaro

Ƴan'uwa manoma na Madawa, da Buza, da Keita, ga magana a kan wani abu da kuke gani kullum. In ruwa ya sauka, ƙorama ta ci gaɓa, sai fasassun tukwane su fito fili. Mai sassabe yana ganinsu. Mai haƙa tassa ko rabin wata a fako yana ganinsu. Yara su yi wasa da su, manya su ture su da ƙafa, a ce ai tsingaro ne.

To, ku sani akwai masana waɗanda aikinsu ke nan. Suna tattara tsingaro, su rarraba shi iri-iri, su fitar da tarihin mutanen da suka yi shi.

Don me tsingaro?

Ku dubi kayan gidanku. Zana tana ruɓewa. Gara tana cin itace. Ƙwarya ta fashe ta koma ƙasa, ƙarfe kuma tsatsa ta cinye shi. Amma yumɓun da ya sha wuta ba ya ruɓewa. Tukunya ta fashe, gutsattsarinta su yi shekara dubu suna nan. Shi ya sa in gari ya tashi ya zama kufai, tsingaro ne ke saura.

Tsofaffi da maroƙa sun riƙe mana labarin sarakunan Adar. Sun san Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar wajen 1674. Malam Jibo Hamani ya tattara tarihin Adar cikin littafi a 1975. Amma tun kafin Agabba, Azna suna zaune cikin duwatsun nan, suna noma, suna farauta. Talakan wancan zamani bai bar takarda ba. Tukunyar matarsa ce ta yi saura.

Tambayoyi huɗu

In masani ya kwaso tsingaro, sai ya wanke shi, ya shanya. Ya rubuta wa kowane lamba, da sunan wurin da aka same shi. Sannan ya yi masa tambayoyi huɗu.

Ta farko: da me aka kwaɓa yumɓun? Kun san maginiya ba ta gina tukunya da yumɓu tsantsa, don zai tsage a wuta. Wata tana zuba dakakken tsingaro, wata yashi, wata ƙaiƙayi ko kashin jaki. Ƙaiƙayi yana ƙonewa wajen gashi, ya bar ƴan ramuka. Wani lokaci har siffar ƙwayar hatsi ko ta dawa tana fitowa, a gane abin da mutanen ke nomawa.

Ta biyu: yaya aka gina ta? Wata maginiya tana kife tsohuwar tukunya, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta. Wata tana sa curin yumɓu cikin ɗan rami, ta yi ta bugu tana juyawa har ciki ya buɗe. In an shimfiɗa tabarma a ramin, sawun tabarmar yana zama a jikin tukunyar har abada.

Ta uku: mece ce siffarta? Baki shi ne ya fi faɗin gaskiya. Da guntun baki kaɗai ana auna faɗin tukunya, a san ko tulu ne, ko randa, ko kasko. Baƙin hayaƙi a gindi yana nuna an ɗora ta a murhu.

Ta huɗu: wane ado aka yi mata? Akwai mai murɗa igiya ta mirgina a kan ɗanyen yumɓu. Akwai mai naɗe kaba ta mirgina. Akwai mai zane da tsinke, akwai mai shafa jar ƙasa.

Tsingaron da amsoshinsa suka zo ɗaya, sai a tara shi wuri guda, a ce wannan iri ɗaya ne.

Wanne ya riga wanne?

Ku tuna da jujin bayan gari. Sharar bana tana bisa, ta bara tana ƙarƙashinta, ta zamanin kakanni tana can ƙasa. Haka kufai yake. Don haka masana ba su haƙa kamar mai gina rijiya. Suna kankare ƙasa kaɗan-kaɗan, kayan kowane hawa cikin jakarsa dabam. Irin da ke ƙasa ya girmi wanda ke bisa.

Sanin yawan shekaru kuwa, gawayi ke ba da shi. Duk itace mai rai yana ɗauke da wani sinadari. Ran da itacen ya mutu, sinadarin ya fara raguwa sannu a hankali, bisa ƙa'ida sananniya. Wani masani na Amurka, Wilad Libi, ya gano hanyar auna shi wajen 1949. In an sami gawayin murhu a hawa ɗaya da tsingaro, shekarun gawayin su ne na tsingaron.

Akwai kuma shaidar da kowa zai iya ganewa. Masara da taba ba a san su a Afirka ba sai bayan 1492, lokacin da jiragen Turawa suka isa Amurka. Saboda haka tukunyar da aka yi wa ado da totuwar masara ba ta kai shekara 600 ba. Haka ma kufan da aka sami lofen shan taba a cikinsa, an zauna shi bayan zuwan taba.

Misali daga ƙasar masara

A can inda masara ta fito, wajen Meziko da Gwatemala, akwai mutanen da ake kira Maya. Kakanninsu sun gina manyan birane na dutse, daga baya kurmi ya rufe da yawa daga ciki. Daga 1926 zuwa 1937 masana suka yi haƙa a wani kufai mai suna Washaktun. Suka jera tukwanensa zamani huɗu. Na ƙasa launi ɗaya gare su, yawanci ja. Na bisa suna da launi iri-iri, da hotunan mutane, har da rubutu. Da wannan jeri aka riƙa gwada tsingaron sauran kufai na yankin, a san zamaninsu.

A 1984 aka buɗe wani kabari a wurin da ake kira Riyo Azul, aka tarar da tukunya mai murfi da rubutu a jikinta. Aka karanta kalmar kakawo, ɗan itacen nan da masu zuwa ci-rani Kodebuwa suka sani. Da aka auna busasshen abin da ya rage a ciki, sai ga shi kakawo ne. Rubutu da awo suka gaskata juna. An sami wannan ilimi duka domin tukunyar tana wurinta, ba wanda ya taɓa ta.

Abin da tukwanen Nijar suka faɗa

A Tagalagal, bisa dutsen Bagzan cikin Abzin, wani Bafaranshe mai suna Jan-Piyer Roze ya sami tsingaro da ya haura shekara 9,000. Yana cikin tukwane mafi tsufa a Afirka. A wancan zamani hamada tana da tafkuna da kifi.

A ƙasar Damagaram akwai Kufan Kanawa, tsohon gari mai ganuwa. Mutanen wurin suna cewa daga nan Kanawa suka tashi. Wata masaniya, An Hawur, ta yi haƙa a can, ta rarraba tsingaronsa. Awon gawayi ya nuna an zauna garin tsakanin wajen 1300 da 1650. Ke nan garin yana raye lokacin da Yaji da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. Awon bai ƙaryata tsofaffi ba, amma ya sa wa labarinsu shekaru.

Sai dai a yi hattara. Irin tukunya ba shi ne ƙabila ba. Tukunya tana hawa jaki ta tafi kasuwa mai nisa. Yarinya ta yi aure a wani gari, ta tafi da hannun uwarta. Wani masani na Beljik, Olibiye Goslan, ya zagaya wurin maginan tukwane na kudancin Nijar cikin shekarun 2000. Bincikensa ya nuna ado yana saurin yaɗuwa, don kowa na iya gani a kasuwa ya kwaikwaya. Hanyar ginin kuwa ta fi zama cikin dangi, don tun ƙuruciya ake koyonta. Saboda haka tsohuwar maginiya ta garinku ta san abin da masani ke nema.

Hasarar da aka yi a Bura

A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, cikin ƙasar Tera. A 1983 Malam Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai ya haƙa ta bisa ƙa'ida. Ya tarar da tukwane 630 a kife bisa kaburbura. Wasu dogaye ne, da siffar kan mutum a bisa. Har da mutum-mutumin mahayi da dokinsa. Mutanen Bura sun yi zamani daga ƙarni na 3 zuwa wajen ƙarni na 13.

A 1993 aka nuna kayan a Faris. Da masu kuɗi suka gani, sai dillalai suka bazu cikin ƙauyuka. Talauci da fari suka sa mutane haƙa dare da rana. Ana neman kai mai kyau, ana farfasa saura. Manomi ya karɓi kuɗi kaɗan, dillali ya sayar da tsada a Turai. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin hatsarin sata. Abin da aka fasa ya tafi ke nan. Wanda aka sayar ma, ba a san ramin da ya fito ba, balle zamaninsa. Haka aka yi wa tukwanen Maya masu yawa.

Abin da ya kamata ku yi

Tun 1997 Nijar tana da doka mai kare kayan tarihi. Haƙa kufai ba da izini ba laifi ne, haka ma fitar da kayan waje.

In kun ci karo da tukunya a binne, ko tarin tsingaro mai yawa, ku dakata da haƙa. Kada ku cire ta, kada ku zubar da ƙasar da ke ciki. Ku mayar da ƙasa ku rufe, ku sa alama da dutse. Ku rubuta ranar, da sunan wurin, da zurfin ramin, ko taƙi biyu ne ko kamu ɗaya. Ku gaya wa maigari, shi kuma ya kai maganar ga magajin gari, har ta isa wurin masana a Yamai. In baƙo ya zo da kuɗi yana tambayar tsofaffin tukwane, ku tambaye shi takardar izininsa.

Sannan ku zauna da tsofaffinku tun suna da rai. Ku tambaye su sunan kowane kufai da ke kewaye da garinku. Su wa suka zauna shi? Me ya tashe su, yaƙi ne, ko yunwa, ko rijiya ce ta ƙafe? Ina suka nufa? Ku rubuta a littafi ku ajiye. Ran da masana suka zo Adar da kayan awonsu, littafin nan shi zai nuna musu inda za su fara.