Taliya da Curin Nama: Girkin 'Yan Ci-rani

Wannan makon kicin muka leƙa.

Da yawanmu in muka kai jarumin labari Italiya, sai mu dire masa farantin taliya da manyan curin nama a sama, jar miya tana malala. To, can ba haka aka saba ci ba. Italiyawa suna da curinsu, polpette, amma ƙanana ne, kuma galibi daban ake kawo su bayan an gama da taliya. Girkin talaka ne: a niƙa guntun nama ko wanda ya kwana, a jiƙa busasshen burodi a cuɗa, a fasa ƙwai ya kama shi, don kaɗan ya wadaci gida. Pellegrino Artusi ya sa shi a littafin girkinsa na 1891. A yankin Abruzzo kam suna zubawa cikin taliya, amma curin bai fi gyaɗa ba.

Wancan farantin a Amurka aka haife shi. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa kusan miliyan 4 suka tsallaka can neman abinci, yawancinsu 'yan kudu, inda nama sai ranar biki. Suka tarar da shi da araha a birane irin su New York. Nan curin ya ƙara girma, aka tsoma shi a miyar tumatirin gwangwani, aka juye kan taliya. A 1955 har ya shiga fim ɗin Disney, Lady and the Tramp, inda karnuka biyu ke cinsa a bayan gidan abincin wani Ba'italiye.