Goron Sallah: Daga Gwanja Zuwa Kafinsoli

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, 'yan Kafinsoli mazauna Kano, Kaduna da Abuja kan faɗa tunani ɗaya: me za a kai wa Baba da Inna, alhali shadda ta cika akwati, hatsi ya cika rumbu?

Kakanninmu da goro suka amsa wannan tambaya. Goro ba ya tsiro a ƙasar Katsina. A ƙarni na 19, fatake ne ke ɗauko shi a kan jakuna daga kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Tafiyar watanni ce, ana naɗe shi a ganye, ana yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Shi ya sa wanda ya ajiye ƙwarya guda, wato goro ɗari, a gaban mahaifinsa ya gama fita kunya.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya yawaita, amma sunan bai mutu ba. Har yau kyautar idi, turare ce ko carbi ko kuɗi, goron Sallah ake ce mata.

Wayar salula ta shigo a 2001, daga bisani goron ya koma saƙon banki. Kuɗi kan isa cikin minti ɗaya, tabarmar zaure kuwa ba kowa.

Darajar goron da tana cikin tafiyar da aka yi dominsa. Bana ka kama hanyar Kankiya, ka durƙusa, ka miƙa naka da hannu biyu. Zumunta a ƙafa take.