Kuɗin waƙa: daga gidan shayin Faris zuwa mararrabar Sheme

Makaɗin ƙasar Hausa a fage ake biyansa, ido na ganin ido. A yi masa liƙi, a ba shi riga ko doki, in ubangida mai hali ne har mota. Da irin wannan kyauta Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtuwa, ya riƙe iyalinsa da 'yan amshinsa da masu kalangunsa. Tsarin ya wadatar, domin a da waƙa ba ta isa inda mawaƙi bai taka ba. Da faifan garmaho ya zo, sannan Rediyon Kaduna, sannan kaset, sai murya ta rabu da mai ita, ta shiga kasuwanni da motocin haya, tana tara wa wasu jama'a ba tare da ya sani ba.

Turawa sun riga mu cin karo da wannan. A 1847 wani marubucin waƙoƙi mai suna Ernest Bourget ya zauna a wani gidan shaƙatawa a Faris, ya ji ana rera waƙarsa don jawo masu ciniki, sai ya ƙi biyan kuɗin abin da ya sha. Magana ta kai kotu, alƙali ya ba shi gaskiya. Daga nan aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851, Ingila ta bi sahu da PRS a 1914. Dabarar mai sauƙi ce: mawaƙi ɗaya ba zai iya zagaye kowane otal da gidan rediyo ba, don haka ƙungiya ta karɓi kuɗin lasisi a madadin kowa, ta raba gwargwadon yadda aka sa waƙar kowa.

Ta hannun PRS abin ya shigo Najeriya. A farkon shekarun 1970 ta naɗa wani lauya a Legas, Alhaji Giwa, wakilinta, kuma daga wannan wakilci aka haifi ƙungiyar MCSN a 1984. Matsin lambar ƙungiyar mawaƙa ta PMAN ya taimaka aka yi dokar haƙƙin mallaka ta 1988, sai gyaran 1992 ya ce babu mai karɓar kuɗin waƙa sai da amincewar hukumar haƙƙin mallaka. A nan rigima ta kunno kai. Hukuma ta amince da wata sabuwar ƙungiya, PMRS, a 1994, ta bar MCSN a waje. A 2010 ta miƙa wa wata ƙungiya, COSON, tuta ƙarƙashin Tony Okoroji. A 2017 ta amince da MCSN. A 2018 ta dakatar da lasisin COSON bayan rikicin shugabanci. Shekaru sun tafi a zaurukan kotu, kuma a ganina mawaƙa ne suka yi asara mafi girma, domin mai otal da mai gidan rediyo sun sami hujjar cewa ba su san wa za su biya ba.

Duk wannan dambarwa a Legas da Abuja aka yi ta. A Sheme, inda hanyar Ƙanƙara ta rabu da ta Funtuwa zuwa Gusau, waƙa tana yawo ne ta hannun masu tura waƙoƙi a memori, da lasifikar masu shayi, da wayoyin direbobi.  Ba na ganin laifin yaron da ke neman na abinci da kwamfutarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne manyan da ke cin riba da waɗannan muryoyi alhali suna da halin biya.

Doka kam tana nan. Wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a Yuni 1999, ke nan magadansa na da haƙƙi har ƙarshen 2069. Sai dai ƙungiya ba ta biyan kuɗi sai a kan waƙar da aka yi wa rajista da suna da mai ita, Shata kuwa bai rubuta waƙoƙinsa ba, nan take yake ƙirƙira, kuma waƙa ɗaya kan fito da fuska daban-daban a kaset daban-daban. Kafin a yi maganar rabon kuɗi, sai an zauna da magada da tsofaffin 'yan amshi da ma'ajiyar gidajen rediyo an tantance wace waƙa ce, wa ya yi ta, a ina aka ɗauke ta.